Albasar Kabarin Inna da Kifin Cikin Kwalba

Doguwa,
Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Kawu Shitu da duk mutanen gidansa a nan Bebeji. Na ji ka zo hutu daga Kalaba tun watan jiya. A bakin mutane na ji, tunda ka toshe lambata a waya. Ba komai, takarda ba a toshe ta, ga ta nan na ba Sabo direba ya miƙa maka.

Kada ka ɗauka kewarka ce ta sa na rubuto. Buƙata ce.

Ka san inda aka binne Inna, ko da yake ba ka taɓa taka wurin ba. Gangaren Marke ne, a gefen dajin Falgore, inda rugarmu take kafin mu zauna gari. Kana jariri ta rasu, shi ya sa aka kai ka riƙo wurin Kawu. Ranar da aka rufe ta, Baffa bai sa dutse ba, bai kafa itace ba, domin shanu suna ture dutse, gara kuma tana cinye itace. Albasar daji ya dasa a kanta, kamar yadda mutanenmu suke yi idan rashi ya same su a wurin kiwo. Wuta ba ta kashe ta, dabba ba ta cin ta, duk damina sai ta fito. Ita kaɗai ce alamar kabarin.

Yanzu an ba wani Alhaji Badamasi gangaren zai noma masara, tarakta zai sa. Na je har gida na ce masa akwai kabari a wurin. Ya dube ni ya ce duk makiyayin da yake son riƙe fili sai ya ƙirƙiro kabari. Baffa ya hana a kai maganar gaba, wai ba zai zama sanadin rigimar manoma da makiyaya da tsufansa ba. Amma wasiyyarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita: idan ya cika, a kwantar da shi kusa da ita. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rauni, ni ina jin tsoro ƙwarai.

Hanya ɗaya ta rage. Jami'in gandun daji ya ce idan masani ya rubuta cewa tsiron nan ba a cika samun irinsa ba, zai sa a ware wurin daga gonar. Ni malamar bayoloji ce a sakandare, sa hannuna ba shi da nauyi. Kai ne Dakta. Ka daɗe kana cika mana kunne da wani ɗan kifi da ake kira shak, wanda bai kai kamu ɗaya ba, wai ya kusa ƙarewa a teku. To ga abin da ya kusa ƙarewa a gidanku, sai ka rubuta musu.

Ka gaida Kawu da kyau. Allah ya ba mu alheri.

Yayarka,
Luba

*

Bebeji,
Nuwamba.

Zuwa ga Adda Luba,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, kuma ina yi wa Baffa addu'ar samun sauƙi. Kawu yana amsawa.

Game da toshe lamba, ke kin san dalili. Wanda aka kira Bafulatanin kifi a gaban jama'a ranar suna, aka ce ko nonon saniya bai iya tatsa ba, yana da damar hutar da kunnensa.

Game da buƙatarki, bari in yi miki bayani a tsanake, tunda kin haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. Kifina da albasarki ko a masarautar halitta ba su gamu ba. Shi dabba ne, daga ajin kifayen da jikinsu guringuntsi ne ba ƙashi ba. An san danginsa, an san jinsinsa, yana da sunan da masana na ko'ina suka yarda da shi. Macen 'ya'ya kaɗan take haifa, manyan jiragen kamun kifi kuma suna kwaso su a raga ba don suna so ba, su watsar da su matattu. Na yi shekaru ina bin jiragen nan, ina aunawa, ina adana gawarwakinsu a kwalba, kafin na yarda na sa hannu cewa yana cikin haɗari.

Ita kuwa albasarki, ba mu ma san ko albasa ba ce. Albasa ta gaskiya daga jinsin da masana suke kira Allium take. Mafi yawan abin da mutanenmu suke kira albasar daji, albasar kura ce, wani dangi ne dabam, kuma cike take da daji daga nan har inda ƙafa ta gaji. Kamannin saiwa ne kawai ya sa aka laƙaba mata sunan. Ina mamakin malamar bayoloji tana buƙatar a tuna mata wannan.

Abin da kike nema shi ne in sa hannu a kan abin da ban gani ba. Idan na yi haka yau, gobe duk abin da na faɗa a kan kifina ya zama wasa. Ba zan yi ba. Maganar kabari kuma, hukuma ake kai wa, ba a fakewa da ganye.

Ki isar da gaisuwata ga Baffa. Na gode.

Dr. Mujitaba Sha'aibu

*

Doguwa,
Disamba.

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Baffa da sauƙi kaɗan. Na ga har da Dr. ka sa min a ƙarshen takarda, sannu da ƙoƙari. Ni da na goya ka a bayana kana tsala ihu, yau ni ake wa sa hannun ofis.

Ka ce albasar kura ce. Kana zaton ban san albasar kura ba? Duk shekara sai na kai wa ɗalibaina ita aji. Ita kan saiwarta babba ne, idan ka yanka ta sai hannunka ya yi ta ƙaiƙayi, furenta kuma doguwar sanda ce. Ta kan kabarin Inna ƙarama ce, idan ka murza ganyenta warin albasa ne zai bugi hancinka, furenta kuma a dunƙule yake a kan kara ɗaya kamar na albasar miya idan ta tsufa a lambu. Na neme ta a wani wurin har na gaji. Na bi gefen daji daga nan zuwa Tudun Wada, na tambayi masu magani a kasuwar Kafin Maiyaƙi, na aika wa malaman da na sani a Kiru da hotonta. Babu wanda ya ce ya san ta. Wani tsoho ne kawai ya ce ya taɓa gani da yarinta, a tsohuwar ruga.

Ka ce ba su gamu ba. A takardarka ba su gamu ba, amma ka duba da kyau. Kifinka 'ya'ya kaɗan yake haifa, ita ma a shekara da ƙyar take ƙara kai ɗaya ko biyu. Kifinka raga ce take kashe shi, masu ragar kuma ba shi suke nema ba. Ita ma tarakta ce za ta kashe ta, mai taraktar kuma ba ita yake nema ba. Bambancinsu ɗaya ne: shi ya samu mai bin sa da kwalba, ita ba ta samu ba. Kafin a raɗa wa kifinka suna, ba ya mutuwa ne? Rashin suna ba lafiya ba ne, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka zo ka gani. Daga Bebeji zuwa nan ba teku a tsakani, mota ɗaya ce da ɗan acaɓa. Idan da gaske kai masani ne, ba mai zama a ofis da fanka ba, ka zo ka ɗauka da hannunka, ka kai inda ake tantancewa. Ko ƙaya kake tsoro kada ta huda maka takalmi?

Makon gobe zan tafi Kano bitar malamai, ba zan daɗe ba. Ka bari sai na dawo mu je tare.

Abin da ya fi ɓata min rai a takardarka shi ne, daga farko har ƙarshe ba ka rubuta Inna ko sau ɗaya ba. Kabari ka ce, kamar na wani baƙo. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar gaya maka ba.

Ka gaida mutanen gida.

Luba

*

Bebeji,
Disamba.

Zuwa ga Adda Luba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin dawo daga bita lafiya.

Na zo Doguwa ba kya nan. Hutuna ya kusa ƙarewa, ba zan iya jiran jadawalinki ba. Na gaida Baffa, ya shafa fuskata da hannu ya ce na yi ƙiba. Ban yi masa maganar abin da ya kawo ni ba, don kada in tayar masa da hankali. Wani makiyayi maƙwabcinku ne ya raka ni Gangaren Marke ya nuna min wurin.

Zan faɗi gaskiya, domin ni ba na ƙin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Ganyen ya bushe, amma da na fasa kai ɗaya warin albasa ne sosai. Ba albasar kura ba ce. Ba zan ce komai fiye da haka ba sai an tantance.

Ga abin da na yi, kuma na yi shi yadda aiki ya tanada. Na ga an riga an fara sare itatuwa a ƙasan gangaren, wato tarakta tana iya shigowa kowace rana. A ƙa'idar kare halitta, idan mazaunin abu zai lalace, ana kwashe shi a kai inda za a kula da shi. Saboda haka na ɗauki leburori biyu, muka tone albasar gaba ɗaya, muka zuba a buhu. Kaɗan daga ciki na kai ma'adanar tsirrai ta jami'a da kaina. Sauran na dasa su a bayan gidan Kawu, a ƙasa mai taki, ina ba su ruwa safe da yamma. Ramukan da muka yi na sa an cike su an daidaita, don kada saniya ta karye.

Na san za ki tambayi kabarin. Kafin mu fara tono na tsaya a kansa, na ɗauki lambar wurin da wayata ta hanyar tauraron ɗan'adam. Ga ta nan na rubuta a bayan takardar nan. Lamba ba ta ruɓewa, wuta ba ta cin ta, tarakta ba ta ture ta. Abin da ya kamata a yi ke nan tuntuni, maimakon a dogara da ganye.

Kin ce ban rubuta Inna ba. To na tsaya a kanta na yi mata addu'a, kuma a yini ɗaya na yi abin da kika kasa yi kina ta surutu. Ba na neman godiya.

Wassalam.

Mujitaba

*

Doguwa,
Janairu.

Kai Mujitaba,

Sallama ce kawai zan yi maka don hakkin Musulunci. Assalamu alaikum.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me ka aikata mana? Wane irin karatu ne wannan?

Ina gama karanta takardarka na hau acaɓa na tafi gangaren. Yaran Alhaji Badamasi sun sa wa ciyawa wuta, sun sare 'yan sauran itatuwan da nake kwatance da su, shanu sun bi ta kai sun tattake. Ko'ina toka ce baƙa, ko'ina iri ɗaya. Da albasar tana nan, da ko bayan wuta zan ga wuyanta a ƙasa, kamar yadda nake gani duk rani. Na durƙusa ina tona ƙasa da yatsu kamar mahaukaciya, ban samu komai ba. Kai da leburorinka kun iya aiki, ba shakka.

Sai na buɗe lambar taka a waya. Ɗigon da yake nuna wuri a taswirar wayar ya ce nan ne, na tsaya. Ina tsaye ban motsa ba, ya zame ya koma can. Na bi shi, ya dawo baya. Da'irar da yake yawo a ciki ta kai faɗin gidan Kawu da garkensa. A teku wataƙila wannan ya isa, tunda ba wanda zai tambaye ka ainihin inda kifi ya kwanta. Kabari kuwa faɗinsa bai wuce a miƙa hannu ba. A ina za mu haƙa wa Baffa? Idan muka sa diga muka faɗa kan ƙasusuwanta fa? Ka yi tunanin wannan kafin ka cike ramukanka don kada saniya ta karye?

Ga wani abin kuma. Albasa da rani barci take yi, ba ta son ko ɗigon ruwa sai damina. Kai kuma ka sa ta a taki kana mata wanka safe da yamma. Ka saba da abin da yake rayuwa a ruwa, ka ɗauka kowa kifi ne. Ka je ka tona ka gani, in ba ta ruɓe ba ka canza min suna. Waɗanda ka kai jami'a kuma, wa ya taɓa tantance tsiro da saiwa kaɗai? Fure ake dubawa. Kifi ne ake ɗauko gawarsa sukutum a jefa a kwalba a ce an gama.

Alhaji Badamasi da ya ce ƙarya nake yi bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Ɗan da ta haifa ne ya share ta daga doron ƙasa. Ban gaya wa Baffa ba tukuna. Jiya ma sai da ya ce idan ƙafarsa ta yi sauƙi in kai shi ya yi mata addu'a, na ce to, na fita waje don kada ya ji muryata.

Ban san da wane baki zan yi maka fatan alheri ba.

Luba

*

Bebeji,
Fabrairu.

Zuwa ga Adda Luba,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan jikin Baffa da sauƙi.

Na karanta zaginki har ƙarshe. Yanzu ki ɗauko takardarki ta Disamba a zuciyarki ki tuna abin da kika ce. Kin ce in zo in ɗauka da hannuna in kai inda ake tantancewa. Ba ki ce kai ɗaya ba, ba ki ce a jira fure ba, ba ki ce kada a ba ta ruwa ba. Duk kin san waɗannan, amma gorin takalmi da fanka ya fi miki muhimmanci. Kin so ki kayar da ni a gardama, kin kuwa kayar.

Albasar bayan gidan Kawu ta ruɓe, ko ɗaya ba ta tsira ba. Mutanen jami'a sun ce tana kama da Allium, amma ba za su ce komai ba sai sun ga fure, waɗanda na kai musu kuma sun yanka su sun busar. Na ari na'urar gano wuri mai kyau na koma gangaren ni kaɗai. Ba ta amfana min komai ba, tunda lambar farko da waya na ɗauke ta. Na yi ta zagaye a cikin toka har rana ta yi zafi.

Abu ɗaya na samu. Na rubuta wa jami'in gandun daji cewa akwai tsiron da ba a gama tantancewa ba a wurin, wannan kuma gaskiya ce, don haka na sa hannu. Ya dakatar da tarakta a wannan gefen har a ga abin da damina za ta fitar. Irin wannan albasa tana barin 'yan ƙananan 'ya'ya a ƙasa, da wuya a ce mun kwashe duka. Idan ruwa ya sauka, inda ta tsiro nan ne kabarin.

Kin ce na share ta daga doron ƙasa. Ke kin san fuskarta, kin san muryarta, kin san hanyar kabarinta tun kina yarinya. Ni wa ya taɓa kama hannuna ya kai ni? Duk hutun da aka kawo ni Doguwa, sai dai a yi ta min dariya ban iya Fillanci ba. Da an taɓa kai ni sau ɗaya da damina na ga yadda take, da na san abin da nake tonewa. Wannan yana min ciwo, kuma ke ce babba, ke ya kamata ki kai ni.

Hutun da na ƙara ma ya ƙare, jibi zan koma Kalaba. Na so in biyo in yi wa Baffa sallama, na kasa. Na buɗe lambarki a waya, in kin ga dama ki kira.

Allah ya ba Baffa lafiya.

Ƙaninki,
Mujitaba

*

Doguwa,
Mayu.

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Ba zan iya faɗin wannan a waya ba, shi ya sa na roƙi Kawu ya aika maka da takardar.

Allah ya yi wa Baffa rasuwa ranar Juma'a da safe.

Ruwa ya sauka kafin nan, albasar kuma ta fito kamar yadda ka ce. Sai dai ashe buhunku a huje yake, 'ya'yanta sun yi ta zuba a hanya. Ta tsiro nan, ta tsiro can, tun daga saman gangaren har bakin hanya inda kuka hau babur. Kawu da liman sun je sun duba tun yana raye, ba wanda ya yarda a sa diga a kan zato. A maƙabartar gari aka rufe shi.

Na gaya masa komai kafin ya cika, don ban so ya tafi da ƙaryata ba. Da na gama, sai ya ce, "Ku bar yaron nan, bai san ta ba."

Shi ya yafe maka. Ni ban kai nan ba tukuna.

Allah ya jiƙansu duka biyu.

Luba